Direban Ya Je Alwala

Ina shagona na atamfa a unguwar Ekoudou, cikin Yawunde, ina fama da wata mata da ta sa na sauke mata rabin kanta alhali ko ƙyalle ba ta da niyyar saye, sai ga kiran Inna. Inna ba ta kiran mutum, sai dai ta taɓa ta kashe don a kira ta. Da na ga wayar ta ci gaba da ruri, na san ba lafiya ba. Ta ce, "Ummi, ki taho. Alhaji ya tashi yin alwalar la'asar, mai shi ya karɓi abinsa." Na Allah muke, kuma gare shi za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ban san yadda na rufe shagon ba.

Mahaifina, Alhaji Sani Tela, haifaffen Briqueterie ne, unguwarmu da muke kira Birik. Goro ya kawo kakansa daga Kano, zama ya yi daɗi, bai koma ba. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi alherinsa: haƙuri, sahun farko, da gaskiya a kan komai in ban da ranar da riga za ta fito, wannan kuwa tela ne, sai a yafe masa. Duk haka yake. Amma ni zan ba da labarin motarsa, domin wanda bai san motar ba bai gama sanin Baba ba.

Baba bai taɓa tuƙi ba. Keken da ya sani shi ne na ɗinki. Sai dai tun yana yaron shago, ranar da aka aike shi kai ɗinki unguwar Turawa, wata jar mota mai kujera biyu marar rufi ta wuce shi kamar walƙiya, ta tafi da zuciyarsa ba ta dawo da ita ba. Har ya yi furfura yana kwatanta mana ƙarar injinta da baki. Wata rana Inna ta aike shi Elig-Edzoa, kantin tsofaffin kayan Turai da muke kira burokanti, ya sayo mata dutsen guga. Ya dawo rungume da kwali mai hoton wannan motar, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

Inna ta ce, "Alhaji, da wannan zan yi guga?"

Ya ce, "Hajiya, abu ɗaya na taɓa roƙo na duniya, ga shi Allah ya ba ni daidai aljihuna."

A cikin kwalin babu mota, sai rassan roba masu ɗauke da ɓangarori ƙanana, wani bai kai ƙwayar shinkafa ba. Maket ake ce wa abin, mutum ne zai yanko su ya harhaɗa. Takardar bayanin da wani rubutu aka yi ta mai kama da sawun kaji, ba Faransanci ba, ba Larabci ba. Baba ya ce ba komai, wanda ya iya fitar da wuyan babbar riga hoto ya ishe shi. Ya share gefen teburin yanka, ya ware bayan azahar, lokacin da ido ke da haske, ya ce ko gwamna ne ya kawo ɗinki ya jira.

A nan na ga halin mahaifina fiye da yadda na gan shi a kan keke. Da reza yake yanko ɓangare, ya goge bakinsa da abin gyaran farcena da ya ara bai mayar ba har yau. Kol kuwa, wato gam, da tsinken sakace yake ɗiga shi, yana cewa, "Kol ba ya son mai yawan kyauta." Ya san abin da yake faɗa, domin ranar da ya yi masa kyauta, babban yatsansa ya fito sarai a gilashin gaba, sai da ya yi mako yana goge shi da man goge baki. Kujerun roba bai yarda da su ba, ya samo jar fata wurin baduku ya fere ta har ta yi laushin takarda, ya lulluɓe su, ya bi da ɗinki. Wayoyin inji da zare ya yi su. Ƙyalƙyalin bamba kuwa takardar alawa ce, jikokinsa suka sha alawar suna yi wa motar addu'a.

Har ƙarƙashinta ya fenta, inda ba mai gani. Na ce, "Baba, wa zai kifa ta ya duba?" Ni yake kira Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya ce, "Uwata, cikin riga ake duba tela."

Ranar da gilashin fitila ɗaya ya faɗi ƙasa, kazar Inna ta riga kowa ganinsa. Baba ya ɗaure ta a turmi, ya zauna gadinta yana bin duk abin da ta ajiye da tsinke, mutum mai jikoki. Da haƙuri ya ƙare aka nemo wuƙa. A ƙundu aka sami fitilar, lafiyarta ƙalau. Muka ci dambu, Inna ta ci tana kuka, ta ce wannan ce mota ta farko a Birik da ta kashe kaza tun ba a sa mata taya ba.

Duk wannan wasa ne. Fitinar tana can ƙasan kwali, cikin wata 'yar leda: direba. Ɗan mutum ne na roba, tsawon ɗan yatsa, a zaune, da hular kwano da tabarau, hannuwa a miƙe suna jiran sitiyari.

Baba yana da amini, Modibbo Hamadu, Bafillacen Garoua, limamin ƙaramin masallacin layinmu. Tun kafin a haife ni kullum bayan magariba suke raba tsire a ƙofar shago, Modibbo yana zagin yajin, yana kuma cinye shi. Baba ya nuna masa direban da murna. Modibbo ya juya shi a tafin hannu, ya ajiye.

Ya ce, "Alhaji, mota ba ta da rai, ka yi goma in ka so. Wannan kam surar mutum ce, ga kai ga hanci. Ba a ajiye irinsa inda ake fatan mala'ikun rahama. Sai dai a cire kan."

Baba ya ce, "Modibbo, direbobi marasa kai sun ishi Yawunde, ni ba zan ƙara mata ɗaya ba."

"To a bar shi."

"Ai an yarda wa yara 'yar tsana."

Modibbo ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya ce, "Shekarunka nawa, Alhaji?"

Inna ta bi bayan Modibbo ba tare da an nemi ra'ayinta ba. Ta ce ita ba za ta kori mala'iku daga ɗakinta saboda ɗan Bature mai girman gyaɗa ba. Baba mutum ne mai tsoron Allah, bai iya take maganar malami ba. Amma kuma bai iya fille kan ba, ya ɗauki reza ya ajiye ya fi a ƙirga. A ganinsa mota ba direba gawa ce. Sai ya fito da nasa sulhu: ya sa direban a gwangwanin madara ya ɗora a kan katanga, ya ce yanzu ba a cikin gida yake ba, ba a waje ba, har Allah ya kawo mafita.

Ruwan Yawunde ne ya fara kawo tasa. Aka yi wani ruwa irin wanda ke sa kwatoci su yi ambaliya su shiga shaguna, da aka ɗauke babu gwangwani babu direba. Baba ya naɗe wando ya bi kwata da sanda har gangare, ya dawo da laka har gwiwa. Daga nan ya wuce wurin Modibbo ya tambaye shi, a gaban mutane, wace addu'a ya yi ranar Juma'a. Modibbo ya ce da addu'arsa tana saukar da ruwa haka, da tuni an ɗauke shi aiki a Arewa. Mutane suka yi dariya, su biyun ba su yi ba.

Tsire ya tsaya. Baba bai fasa salla a bayansa ba, amma magana ta koma "Sannu Modibbo," "Sannu Alhaji," kowa ya nemi takalminsa. Motar kuwa, saura ƙofa ɗaya da sitiyari, Baba ya lulluɓe ta da ƙyalle ya ce ba ta gamu ba, ba kuma za ta gamu ba. A wannan tsakanin yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya fara laluben allura. Na riƙa ganin yana ɗaga ƙyallen yana kawo fuskarsa dab da motar, sannan ya mayar. Nan dariya ta ƙare mini. Na ji tsoro ƙwarai kada hasken idonsa ya tafi motar tana lulluɓe, amininsa kuma yana tsallaken titi.

Ni ba ni da haƙurin Baba. Na sa mayafi na sami Modibbo a zaurensa, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Baffa, ɗan robar nan yanzu ya kusa teku, ku kuma kuna nan kuna gaba a kansa. Idon abokinka yana tafiya."

Ya ce, "'Yata, hukuncin ba nawa ba ne balle in sauya shi." Na tashi ina ƙuna a zuci. Ashe bai gama ba. Washegari da la'asar sakaliya sai ga shi da tsire a takarda, ya yi sallama, ya zauna a bencinsa kamar jiya ya tashi. Ya ce a buɗe masa motar. Ya daɗe yana kallonta, ya sa aka kifa masa ita, ya ga fentin ƙarƙashi, ya girgiza kai.

Ya ce, "Alhaji, in ka ga taksi a bakin hanya, ƙofa a buɗe, an shimfiɗa darduma a gefe, ba kowa a ciki, me za ka ce?"

Baba ya ce, "Direban ya je alwala."

"To, voilà, shi ke nan."

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki tsire, ya ce yajin ya yi kaɗan. Modibbo ya ce ya yi yawa. Inna tana bayan labule tana cewa alhamdu lillahi a fili.

Aikinsa na ƙarshe ke nan a duniya. Ni nake zura masa zare, shi yake ɗinki, rabi da ido rabi da yatsa. Ya yi darduma da guntun karan-miski kore, har da geza. Ya yi hula wadda ba ta rufe kan ɗan yatsa, ya yi mata aiki, domin mai alwala yakan cire hula ya ajiye kafin shafar kai. Ya manna sitiyari, ya kafa ƙofa a buɗe, ya ɗora hular a kan kujerar direba. Aka jera komai a kan katako aka kai falo. Modibbo ya zo duba aiki, ya ce dardumar ta kauce wa alƙibla, suka yi musu kamar za su sake ɓatawa, a ƙarshe aka karkata ta kaɗan. Ranar Baba ya ce, "Ta gamu." Ya kwatanta ƙarar injin da baki, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo.

Daga nan duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya ina direba, Baba kuma ya amsa da fuska a ɗaure cewa ya je alwala. In baƙon ya dawo bayan wata ya sake tambaya, amsar ba ta sauya ba. Inna takan ce wannan direba waswasi ne da shi, a kai shi wurin Modibbo.

Da na iso gida ranar nan, tsakar gida ta cika, maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna riƙe hannuna suna cewa ashiya, wato sannu da haƙuri. Na daure har na shiga falo. Dardumarsa tana shimfiɗe tana duban gabas. Hularsa tana kan kujerar da yake zama, inda ya cire ta ya ajiye. Inna ta ce ya gama tsaf, har ƙafa ya wanke, ya zauna kusa da buta bai tashi ba. Na dubi kujerar, na dubi motar, a nan na zauna ƙasa na fashe da kuka.

Modibbo ne ya sallace shi, muryarsa tana karyewa a kabbara. Da suka dawo daga maƙabarta ya nemi izini ya shigo, ya tsaya gaban motar, hawaye na bin gemunsa. Wata 'yar'uwarmu ta kai hannu za ta tura 'yar ƙofar saboda ƙura. Ya ce, "A'a, 'yata. A bar ta yadda mai ita ya bari." Inna ma ta hana a ɗauke hular daga kan kujera, tana nan har yau.

Ya Allah, ka ji ƙan Alhaji Sani, ka yafe masa kurakuransa har da alkawuran jibi da ya yi wa masu ɗinki. Ka haskaka kabarinsa, ka mayar masa da hasken idonsa a gidan da ba a laluben allura. Ka ba Inna haƙuri da juriya, ka rufa mata asiri, ka haɗa kanmu mu 'ya'yansa da jikokinsa. Ka ƙarfafa zuciyar Baffa Modibbo, wanda yanzu yake cin tsire shi kaɗai. Mu nan mun san ba zai dawo ya ɗauki hularsa ba. Bawanka ne ya taho maka da alwalarsa, ya Rabbi, ka karɓe shi da rahama. Amin.