Hannun da Ya Rufe Idonsa

Jikansa ne ya hana ni zuwa jana'izar tsohon, wai ni ɗan aiki ne kawai. Ni da na yi shekaru ina yi wa kakan nasa wanka a unguwar Bronx! Tsohon yana yaro ya fito a finafinan da, marasa magana. Da shanyewar jiki ta kama bakinsa, sai ya koma sana'arsa. In shayi ya huce, sai ya dafe ƙirji, ya kafe ido kamar an harbe shi, har sai na yi dariya. Allah ya sassauta masa.

Jiya na haɗu da jikan a jirgin ƙasa na layin D, har da miƙo mini hannu. Na ce, "Riƙe abinka. Wannan hannun nawa ne ya rufe idon kakanka. Kai kana ina?"