Motar da Na Yi wa Katanga

Bayan yaƙin Turawa ne, lokacin da manyan motoci suka fara korar raƙuma daga hanyar Jidda. Ina dako a Makka, ga mata, ga uwa tsohuwa, ba ɗakin kaina. Sai motar alhazai ta mace wa wani direba a bakin unguwar Hindawiyya, ya cire injinsa ya bar mini gangar jikin. Muka fidda kujeru, muka shimfiɗa tabarmi. Rufi ba ya yoyo, ƙofa tana rufuwa. Wallahi tun da na zo ƙasar nan ban kwana a wuri irinta ba.

Umda, wato mai unguwa, ya zo ya zagaya ta yana ƙwanƙwasawa da sanda. Mutumin kirki ne. Ya zaunar da ni ya gaya mini yadda hukuma ta kasa abin. Tanti na matafiyi ne, a kafa a Mina kwanakin hajji, a naɗe. Gida sai mai fili, ni kuwa ko taki ɗaya ba ni da shi. Mota kuwa, muddin tana kan tayoyinta, mota ce, ba ruwan baladiyya, wato hukumar gari, da wanda ke kwana ciki. Na ce na ji. Da kunne kawai na ji.

Inna ce ta fara mita. Wai a ƙasar Kano ko matsiyaci yana da danga, ni na bar matar aure tana tuƙa tuwo kowane mai wucewa yana leƙa tukunyarta. Gaskiyarta. Na tara duwatsu, na kwaɓa ƙasa, na ja katanga har da ɗan zaure, yadda baƙo zai yi sallama. Hawa motar kuma yana cin gwiwar Inna, sai na kwance tayoyin na zaunar da motar a ƙasa. Tayoyin na ba wani Basakkwace mai takalma, ya yayyanka su.

Na dawo daga dakon Mina ke nan, ko kafaɗata ba ta warke ba, sai ga umda da ma'aikacin baladiyya da askarawa. Ma'aikacin bai dube ni ba, ƙarƙashin motar ya leƙa.

Umda ya ce, "Alhaji, ina tayoyin? Ai na gaya maka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ku rushe katangar ku bar mini motar."

Umda ya fassara. Ma'aikacin ya ce babu wata mota a nan, abin da ba ya tafiya gini ne, kuma gini ne a ƙasar hukuma. Na yi yawon neman aron taya har unguwar Jarwal, wa zai kwance wa ɗan dako ƙafar motarsa?

Da gatari suka farfasa ta, Inna tana zaune kan ƙunshin kayanmu tana jan carbi. Matata ta koma wurin wanta a unguwar Utaibiyya. Inna kuwa, na goya ta zuwa gidan wata 'yar garinmu, ni na koma rumfar 'yan dako. Ba mu sake kwana a rufi ɗaya mu uku ba.