Ƙwayar Suga da Azumin Inna

Shekarun baya, mahaifiyata ta fara rama da yawan ƙishirwa. Na ɗauko ta daga Garbadu na kai ta wani asibiti a Talata Mafara, aka auna jini aka ce ciwon suga ne. Muka je tagar karɓar magani. Wanda ke wurin ko kallonta bai yi ba, waya na maƙale a kunnensa. Ya zuba ƙwayoyi a 'yar leda ya turo mana.

"Ɗaya safe, ɗaya marece."

Iyakar bayanin ke nan. Ni kuma, da nake ji da kaina malamin makaranta ne, sai na gyaɗa kai kamar na gane komai, har da "Allah shi saka da alheri."

Inna mai azumin Litinin da Alhamis ce tun kafin a haife ni, amma ba wanda ya tambaye ta. Ranar Alhamis ta haɗiye ƙwayarta da sahur, ta kurɓi ɗan kunu kaɗan, don maƙwabta sun ce mai suga ba ya cika ciki. Ta yi surfe, ta yi wanki. Bayan azahar ƙanwata ta kira ni tana kuka.

Na hau babur, ban san yadda na isa ba. Na iske Inna jingine da rumbu, zufa ta jiƙe ta sharkaf, hannuwanta na rawa, tana kirana da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Mata sun cika gida, har an hura garwashi za a yi mata hayaƙi, wai iska ce. Can na tuna matar abokina nas ce a Bakura, na kira ta.

Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. "Mi ta sha? Ta ci abinci?"

"Azumi take."

"In tana iya haɗiya, dama suga a ruwa ka ba ta yanzu. In ba ta iyawa, kada ku ɗura mata komai, ku kai ta asibiti."

"Suga? Ai ciwon suga gare ta!"

"Malam, sugan ne ya faɗi ƙasa. Yi abin da na ce."

Na ba ta ina fargaba. Ba a jima ba idanunta suka dawo daidai. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Wa ya karya mani azumi?"

Washegari matar abokina ta zo har gida, ta zauna kan tabarma. Ta ce, "Inna, wanga magani sauke suga yake yi, kin ci ko ba ki ci ba. Don haka da abinci ake shan shi. In kin ji zufa da rawar jiki da jiri, ki ci dabino nan take. In za ki yi azumi, a fara ganin likita ya gyara maki shi." Ta sa Inna ta maimaita da bakinta har ta tabbata ya zauna.

Na koma tagar nan raina a ɓace. Mutumin ya ce ai duk an rubuta a takardar cikin kwali. Na ce, "Wane kwali? A leda ka ba mu!" Ya ɗaga kafaɗa ya ce mutane na jira.

Inna ta warware, likita ya sauya mata tsarin shan maganin, ta ci gaba da azuminta. Amma ni har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Miƙa magani ba tare da bayani ba, ba aiki ba ne, ganganci ne da ran mutane. Da matar abokina ba ta ɗauki waya ba ranar, da mun binne Inna muna cewa iska ce, shi kuwa yana zaune a tagarsa, bai ma san ya yi komai ba.