Fuskar Kaico

Kaico ake ce masa a layinsu, don duk wanda ya ji labarinsa abin da yake fara faɗa ke nan. Shekarar da ya koyi gyaran laima, ruwa ya ɗauke. Da ya koma sayar da ƙanƙara, wuta ta tafi wata uku. Wahala ta zauna masa a fuska har ta yi ɗaki da falo.

Fuskar nan ce ta sama masa aiki. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar agaji ta gan shi zaune a bakin kwata, cikin rigarsa mai yagaggiyar kafaɗa, ta ce, "Baba, kar ka motsa!" Ta ɗauki hoto. Daga nan duk wata sai ya je ofishinsu, ya zauna a benci, ya tuna rayuwarsa, a danna kyamara, a ba shi buhun shinkafa da galan ɗin mai. Karon farko ke nan da 'ya'yansa huɗu suka san ƙoshi.

To, shi ma baki gare shi. Cikin wata biyar kumatu suka fito. Matarsa kuma, baiwar Allah, ta ga bai dace mai zuwa ofis ya riƙa yawo da tsumma ba. Ta wanke rigar, ta ɗinke kafaɗar, har da guga.

Da ya je ofis, ma'aikaciyar ta dube shi sama da ƙasa. "Baba, ka lalace. Wa zai ji tausayinka a haka?"

"Ranki ya daɗe, wallahi a ciki ina nan yadda nake."

"Ciki ba ya fitowa a hoto."

Ya dawo gida hannu rabbana. Ya yi wa matarsa faɗan da bai taɓa yi mata ba, ya farke ɗinkin tana kuka. Shinkafa ta ƙare. Ɗan abin da ya samu sai ya tura wa yara, ya ce shi ya ƙoshi. Abin tausayi, cikin wata biyu yunwa ta maido masa da kayan aikinsa.

Ya koma ofis da ƙarfin gwiwa. "Ga ni, na gyaru."

"Ayya, Baba, an canza tsari. Masu ba da tallafi sun gaji da ganin wahala. Yanzu waɗanda suka amfana ake so, masu kumatu, suna murmushi. Da ma yadda ka zo wancan karon ne."

Kaico ya tuna yaran da ya baro suna kallon tukunya. Ya tattaro ƙarfinsa, ya yi murmushi.

Ta sauke kyamarar. "Baba, don Allah ka daina kuka."