Abin da Na Mayar da Rijiyar Bawa

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar wana, Bawa mai haƙar rijiya. Allah Ya jiƙansa. Ban yi makaranta ba, ban iya tsara magana ba. Abin da na aikata zan faɗa, kuma na ce wa wanda ya rubuta mini kada ya gyara.

Tare muka yi sana'a, yau shi a cikin rami ni ina jan guga, gobe mu yi musanya. A Wamakko rijiya ta taɓa ruftowa da ni har wuya. Mutane suka tsaya salati. Bawa ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya tono ni da hannu. Farcensa biyu ba su sake fitowa ba. Bai taɓa yi mini gori ba.

A gidanmu na unguwar Gidan Igwai ya haƙa rijiya, a gaba takwas ya tarar da ruwa. Bayan gidan akwai kududdufi, cikin gadonmu yake. Kowace bazara Bawa yana yin abu biyu. Ya yashe rijiyar, sannan ya ɗauki shebur ya share hanyoyin da ruwan sama ke bi ya gangara kududdufin. Mutane suna dariya, wai yana yi wa kwaɗi shara. Ni ma na yi. Sai ya ce: "Bube, ruwan rijiya ba daga ƙasa shika tsirowa ba. Na sama na, ƙasa ka aje muna shi. In ka hana mai wurin zama, sai shi wuce gulbi shi bar ka."

Shekarar da damina ta yi gardama, famfo ya ɗauke, rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Tamu ba ta ƙafe ba. Mata suka yi layi har waje, Hajo matar Bawa na tsaye a bakin rijiya tana raba wa kowa guga bibbiyu.

Shekara uku bayan rasuwarsa wani maƙwabci ya yi bohol, ya ja mana famfo har tsakar gida. Na ce zamanin rijiya ya ƙare. Na cike kududdufin da ɓaraguzai, na yi shaguna a kai. Masu shaguna suka nemi bayan gida. Magini ya ce don me za a haƙa sabon rami, ga mai zurfi da zoben siminti ba a amfani da shi? Magini bai san ruwa ba. Ni na sani. Na san abin da aka zuba a ramin nan ba a nan zai tsaya ba. Duk da haka na yarda. Muka rufe bakinta da siminti, muka mayar da rijiyar Bawa masai.

Na jira sai da Hajo ta tafi Wamakko wurin ɗiyarta da ta haihu. Wannan jiran ma shaida ne a kaina. Da ta dawo ta tsaya ta duba.

"Mi kay yi, Bube?"

"Zamani na, Hajo."

"Da bakinka ka sha ruwanta," ta ce, ta shige ɗaki.

A da wasan ƙanin miji muke yi, ba ta ganina ba ta tsokane ni ba. Tun ranar ta koma kirana Malam Bube, tana gaishe ni kamar baƙo.

Yau da Bawa zai leƙo, me zai gani? Kowane mai hali ya yi bohol, kowa na neman ya fi maƙwabcinsa zurfi. Famfon da aka ja mana, da bazara sai ya wuni yana tari ba ɗigo. Da damina ruwa ya zo da ƙarfi, ya rasa wurin zama, ya shiga shagunan, ya kwashi ƙazanta ya wuce. Rijiyoyi biyu na maƙwabtanmu sun yi wari, an rufe su. Sun san dalili. Babu wanda ya faɗa mini a fuska, suna amsa sallamata kamar kullum, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Hajo, wadda ta shayar da unguwa, yanzu tana zama bakin ƙofa tana jiran 'yan ga-ruwa, tana alwala da rabin buta.

Na san Bawa ba zai yi faɗa ba. Zai dubi shagunan, ya dube ni, ya tambaya ina sheburinsa.

Bara na rushe shaguna biyu na gangare, na buɗe wa ruwa hanya. Da rani na fara haƙa sabuwar rijiya can ƙarshen fili, nesa da masai. Ina so Hajo ta ja guga a gidan mijinta kafin ɗayanmu ya tafi. Na kai gaba goma sha ɗaya, ƙasa busasshiya.

Makon jiya ina ciki na ga inuwa a bakin ramin. Hajo ce.

"Bube, ka tsuhwa. Wanga karo in ta ruhto babu mai tono ka."

"Na sani."

"To ka yi a hankali, ragon banza."

Shekara takwas rabon da ta zage ni. Ta zuro guga, a ciki akwai kwanon ruwa. Na san daga jarkarta ta ɗebo.

Me ya rage na Bawa? Rijiyarsa na ɓata ta, ba za ta gyaru ba. Kududdufinsa ɗan gefe kawai na dawo da shi. Saura sheburin, da maganar da na yi wa dariya, wadda ta tabbata a kaina. Ban san ko zan tarar da ruwa ba, domin shekaru na hana ƙasar nan ajiya. Na sha rabin kwanon, na mayar wa Hajo da rabi. Gobe zan sake sauka.