Kalilu Mai Rauta da Gawon Tasalla

Idan ka shiga Sabon Birni ka tambayi Kalilu, za a ce maka wanne. Ka ce mai rauta, sai a nuna maka wani ɗan shago kusa da tasha, wanda in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya bar ƙafafunsa a waje. Da can gyaran rediyo yake yi. Da rediyo ta tsufa ya koma waya, da gyaran waya ya zama aikin kowa ya koma wa wannan 'yar akwati mai ƙaho biyu, wadda ake sa wa layi ta raba sabis ga duk wayar da ke gida. Rauta ke nan. A ƙauyukan da sabis ba ya sauka ƙasa sai an hau tudu, Kalilu yakan kafa doguwar gora, ya ɗaura eriya a kanta ta fuskanci ƙarfen sabis na gari, ya ja waya zuwa ɗaki, ya haɗa da faifan sola da batir. In fitilar rauta ta yi kore, an gama. In ta yi ja, a nemo Kalilu.

Shekarun fari ne suka buɗe masa kasuwa, maganar da ba ya son a yi a gabansa. Damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa gero na fitar da kai. Duk namijin da ke iya ɗaga jaka ya ɗaga, wasu Legas, wasu Ibadan, wasu haƙar zinariya can arewacin Nijar. Wanda duk ya samu wurin zama, rauta yake fara aikowa gida, don ya riƙa ganin fuskar uwarsa da 'ya'yansa. Haka Kalilu ya haɗa mutane da 'yan uwansu tun daga Isa har Burkusuma, shi kuwa wayarsa in ta yi ƙara, to fitilar wani ce ta yi ja. Matarsa Kadijatu ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ba su bar ɗa ba. Majalisar da yake zama bayan la'asar, ta mutum tara, ta koma daga shi sai benci. Yakan ce bencin ma ƙafarsa huɗu, ba a san ranar da zai kama hanya ba.

A Gangara akwai wata tsohuwa, Tasalla, ƙanwar kakarsa ta wajen uwa. Tun yana yawo ba wando take kiransa maigidanta, irin wasan nan na kaka da jika, kuma furfurar da ta fito masa ba ta sa ta sake shi ba. Autanta Atiku yana Agadas. Shi ya aiko da rauta da babbar waya tsakiyar daminar fari ta biyu. Kalilu ya je ya kafa gora a bayan ɗakinta, ya juya eriya ta leƙa ta tsakanin rassan wani katon gawo da ke jikin danga, fitila ta yi kore shar. Wata biyu Tasalla tana zagin Atiku ido da ido, tana jin daɗinta.

A kira na ƙarshe Kalilu yana wurin. Atiku ya ce, "Inna, ki haɗa kayanki ki koma Sakkwato wajen Abu. Bana babu abin da za a sa rumbu." Abu ita ce babbar 'yarta. Tasalla ta buɗe baki za ta ba shi amsa, hoton ya tsaya cik, Atiku ya daskare da baki a karkace. Daga ranar fitila ta koma ja, sai ta ɗan yi kore da sassafe ta sake komawa.

Atiku ya yi ta aiko da saƙo ta bakin direbobi. Tasalla ta ce ita ba buhun gero ba ce da direba zai ɗauka, in ɗanta yana son ta bar gidan ubansa, ya dube ta ya faɗa, ta dube shi ta amsa. Sai Atiku ya koma kan Kalilu, yana roƙonsa don Allah ya gyara abin nan.

Talatar farko da ya je, da gaske ya yi aiki. Ya kashe rauta ya kunna. Ya zare layi ya goge da bakin rigarsa ya mayar. Ya duba data, akwai. Ya auna batir, lafiya lau. Ya bi waya taku-taku ko ɓera ya ɗanɗana, bai ga haƙori ba. Har ya sa tsinke a ɗan ramin baya ya mayar da ita yadda ta fito daga kwali, ya sake sa lambar sirri. Ja dai. Da ya gaji ya fita bayan ɗaki ya ɗaga kai don ya miƙe wuya, sai ya ga abin da ya yi wa kansa.

Duk itacen duniya da damina yake ganye. Gawo kaɗai ke tuɓewa tsirara in ruwa ya sauka, ya sa riga in ruwa ya ɗauke. Ɗan Gobir da aka haifa a gindin gawo bai kamata a tuna masa wannan ba. Amma Kalilu ya zo lokacin da itacen yake ƙaya zalla, ya ga sarari ta tsakanin rassa, ya saita eriyarsa yana yabon kansa. Yanzu ruwa ya ɗauke, gawo ya cika ya batse, eriya tana kallon ganye kamar akuya. Aikin awa ɗaya ne: a tuge gora a kai ta wajen zaure.

Ya dawo tsakar gida zai faɗa, ya tarar ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta ajiye ƙwaryar fura da ludayi.

"Maigida, zamna. Ka zo gidan amarya kana ta lalube bayan ɗaki kamar ɓarawon kaji."

"Wace amarya? Amaryar da haƙorinta biyu, su ma ba su ga maciji da juna?"

"Biyun nan sun isa su cije ka. Sha, ka ga wuyanka kamar mariƙin lema."

Ya zauna ya sha. Ta ba shi labarin uwarsa tana budurwa, yadda ta taɓa faɗawa rijiya garin kallon wani mai doki. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya lissafa a ransa rabon da wani ya ajiye masa abinci ya zauna yana kallonsa yana ci, lissafin ya kai shi har jinyar Kadijatu. Da ta ce, "To, mi ya samu akwatin?" sai ya ji bakinsa ya ce, "Sai na dawo da wani ƙarhe. Talata."

Talata ta zama Talatu bakwai. Ba a taɓa yi wa rauta hidima irin wannan a ƙasar Gobir ba. Ya canja mata waya, ya canja fulogi, ya wanke faifan sola da ruwan da mutane ke bin layi a kansa. Ran nan ya ce laifin rana ne, ran nan ya ce sabis ɗin Nijar ne, rezo, ke tsallako iyaka yana kokawa da namu. Duk inda zai tsaya, yana ba gawo baya. In Atiku ya kira shi daga Agadas, sai ya ce ana kan aiki, ya yi sauri ya kashe, ya zauna a shago yana jin kunyar bango. Ya san abin da yake yi. Ya san kuma ranar da fitilar nan ta yi kore, Talata za ta koma kamar Litinin.

A zuwa na takwas ya iso da wuri, don an ce hanya ba lafiya in rana ta yi. Ya yi sallama bai ji amsa ba, ya shiga. Tasalla tana bakin murhu tana cin dafaffen ganyen tafasa da gishiri, ko ƙuli babu. Ta yi wuf ta rufe kwanon da faifai. Gefe guda ga furarsa an dama, an rufe. Ya wuce wajen rumbu, ya taka dutse ya leƙa. Ƙasan rumbun ya gani fes, sai 'yan zangarniya a lungu waɗanda ba su kai dami ɗaya ba. Ashe geron nan ran Talata kawai ake taɓa shi, don furarsa.

Ya sauko, ya cire hula, ya nufi bayan ɗaki ya fara girgiza gora.

"Kai, mi kaka yi?"

"Za ni maida ta wajen zaure. Gawon ga na ya tare ta."

"Yo sai yau kag gani?"

Ya saki gorar ya juyo.

Ta ce, "Ran da ganyen ga ya hito, ran nan hitila ta yi ja. Ni da nike share ƙarƙashinsa shekara sittin? Na ɗauka dai maigidan nawa dolo na, ni ko ba ni tona asirin miji."

"Kin sani kika ƙyale ni ina ta wanke sola?"

"Kai ma ka sani kag ƙyale ni ina ta dama hura. Wa ya ci wani?"

Suka tsaya suna kallon juna. Ya so ya yi dariya, abin bai fito ba.

Ta ce a hankali, "Bar ta nan, Kalilu. Ko wata guda."

Tunda yake bai taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. Ya dubi kwanon da ta rufe da faifai, ya ce, "Inna, tahwasa ba ta kai mutum wata guda." Ya rungumi gora ya tuge.

Ya haƙa rami a gefen zaure, inda babu komai tsakaninsa da Sabon Birni sai gonakin da suka ƙone a tsaye. Ya kafa, ya taka ƙasa da dunduniya. Ya dawo da rauta da batir cikin zaure don kada waya ta yi tsawo sabis ya zube a hanya. Ya riƙa murza gorar kaɗan-kaɗan yana leƙen fitila ta ƙofa. Ja, ja, ruwan ɗorawa, kore. Ko awa ba a yi ba.

Shi ya danna mata kiran, ya miƙa mata wayar, ya fita waje. Ta cikin zana yana jin ta: "Kai, Atiku, ba su ba ka abinci can? Dibi kunnuwanka." Daga nan muryar ta yi ƙasa. An daɗe. Abin da ya ji na ƙarshe shi ne, "To. Na ji. To."

Ran Asabar ya ɗauko ta a babur, ita da ƙullin kayanta da rautar a cikin kwalinta, ya kawo ta tasha. Ya yi faɗa da kwandasta har aka ba ta gefen taga. Motar Sakkwato ta ɗauki lokaci kafin ta cika, don masu tafiyar sun riga sun tafi. Yana tsaye jikin taga, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

Ta ce, "In na kira ka ka ɗauka. Kada in ji wata ta ɗauka."

"Wa za ta ɗauka? Ke kin kore su duka."

"Ka samu mai dama ma hura. Na yahe, ba ni kai ƙara."

Direba ya tayar da mota. Kalilu ya bi ta da 'yan taku, yana gaya mata a ajiye akwatin kusa da taga, kada a rufe ta da zane don tana jin zafi, in ta yi ja a kashe a kunna. Tasalla tana ɗaga hannu, ba ta jin ko ɗaya. Ya ci gaba da bayanin har motar ta sha kwana.