Shekarar da Muka Rushe Gadarmu da Hannunmu

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta shekarar da muka rushe gadarmu da hannunmu ba. Gada ce ta itacen giginya da duwatsu, a kan kwarin da ya raba ƙauyenmu da titin Aliero. Ba ta da kyan gani, amma ta kanta motoci ke shigowa ɗaukar albasa, kuma duk shekara gayya muke yi mu gyara abarmu.

Da zaɓe ya matso aka ce ɗan takara zai zo. Ni ne shugaban matasa lokacin, kaina na hayaƙi. Na ce muddin ya haye gadar nan lafiya, ba zai san muna da damuwa ba. Gara mu cire ta ya ga rami, ya yi mana ta siminti. Kowa ya ce na yi basira, ban da kawuna, tsohon direba da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Jega da Maiyama. Shi a ganinsa, gwamnati ta tsare mu daga ɓarayi kawai, ta bar kowa ya nemi abincinsa.

Ya ce mini, "Ɗana, gwamnati ba uwakka ta ba. Abin da kunka iya da hannunku, don mi za ku aje shi ku koma roƙo?"

Na ce tsufa ne ke damunsa. Da hantsi muka kwashe itacen nan kaf.

Dabarar ta ci, wai. Ɗan takara ya sauko daga mota, ya riƙe baki, ya yi alkawari. Ya ci zaɓe, har aka kafa allon kwangila a bakin kwarin. Mu kuwa muka zuba albasa a rumbuna, muna jiran tsadar damina.

Daga nan zama ya gagare ni. Kullum ina kan babur, yau Aliero, gobe Jega, ina neman wanda zai gaya mini ranar fara aiki. Kullum amsar ɗaya ce, a ƙara haƙuri. In na ga hadari ya haɗu a gabas sai in sake hawa babur. Kawu ya ce a kira gayya tun da sauran lokaci. Ni da bakina na hana, na ce in muka taɓa wurin za a janye kwangilar.

Ruwa ya sauka, kwari ya cika. Albasa ta yi tsada a kasuwar Aliero, motoci suka zo suka tsaya a ƙetare, muna kallonsu suna kallonmu. Muka gwada dakon buhuna a ka, ruwa har ƙirji, amma buhu nawa mutum zai ɗauka? Albasa ta fara tsiro, ta ruɓe, wari ya cika gari. Kunyar fita ta kama ni, don noman shekara guda na mutane ne na jefa a ruwa, har da na kawu.

Ina ɓoye a zaure sai ga shi da gatari a kafaɗa. Na sunkuyar da kai ina jiran gori.

Ya ce, "Tashi mu tahi. Bakin da yah hana gayya shi ka kiran ta."

Kwana huɗu muka yi muka mayar da gadar, amma albasar kam ta riga ta tafi. Har yau ina jefa ƙuri'a, ina kuma neman haƙƙina wurin wanda na zaɓa. Sai dai na koyi cewa duk wanda ya karya ƙafarsa don a ba shi sanda, shi zai kwana da ciwon.